Malam Ibrahim na Kano: Wanda Ya Farka Tun Gari Bai Waye Ba



Kusan kowace ikilisiya a Arewa takan shirya taron falkaswa sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Mukan gayyato mai wa'azi daga nesa, mu ɗaura lasifika, mawaƙa da zumuntar mata su yi makonni suna shiri. Allah yana aiki ta wurin irin waɗannan tarurruka, da yawa daga cikinmu ma a wurin ne muka tuba. Amma bayan an kwashe kujeru kowa ya koma gida, akwai tambayar da ya kamata ta bi mu har ɗaki: a ina farkawa ta ruhaniya take farawa, kuma da me za a gane ta gaskiya ce?

Za mu nemi amsa daga rayuwar wani mutum wanda a zamaninsa babu majami'a ko ɗaya a ƙasarsu, babu fasto, babu cikakken Littafi Mai Tsarki cikin harshensa. Sunansa Malam Ibrahim, malami ne a birnin Kano, an kuma kashe shi wajen shekara ta 1867 saboda abin da ya gaskata game da Isa Almasihu. Labarinsa ya iso gare mu ta bakin zuriyar almajiransa, waɗanda suka zo nan Zariya a 1913, da kuma ta rubuce-rubucen waɗanda suka saurare su. Mu mutanen Zariya labarin namu ne, domin a ƙasarmu ne irin da ya shuka ya tsiro.

Kanon da ya tashi a cikinta

Malam Ibrahim ya yi rayuwarsa a tsakiyar ƙarni na 19. Jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo ya fara a 1804, ba da daɗewa ba Kano ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato. Sarki Ibrahim Dabo ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ɗansa Usman ya gaje shi, sa'an nan wani ɗan nasa, Abdullahi Maje Karofi, ya hau gadon sarauta a 1855. A zamanin Abdullahi ne al'amarin Malam Ibrahim ya faru.

Kano ta wancan lokaci gari ce ta ciniki da karatu. Ayarin raƙuma yana shigowa daga Tarabulus da Agadas, fatake suna tafiya Gwanja ɗauko goro, marina suna rina tufafin da ake kaiwa har bayan hamada. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka a birnin a 1851, ya yi mamakin girman kasuwarta. Malamai kuwa suna da daraja ƙwarai. Su ne masu koyar da yara a makarantun allo, su ne masu karantar da manya littattafan fiƙihu da tafsiri a zaure, daga cikinsu ake naɗa alƙalai da limamai, sarki kuma ba ya rabuwa da shawararsu. Malam Ibrahim yana cikin irin waɗannan malamai da fada ta san da zamansu. Yana da ilimi, yana da almajirai, yana da mutunci a gari. A idon duniya babu abin da ya rasa.

Abubuwa biyu suna cikin iskar wancan zamani, sai mun san su za mu fahimci abin da ya biyo baya. Na farko, shekara ta 1300 ta Hijira tana gabatowa, wadda ta yi daidai da 1882 zuwa 1883, mutane da yawa a ƙasar Hausa kuma suna sa ran ƙarshen zamani ya yi kusa. Ana yawan zancen bayyanar Mahadi da saukowar Annabi Isa. Na biyu, tun wajen ƙarshen shekarun 1840 wasu malamai daga Tsakuwa, a ƙarƙashin Malam Hamza, suka ƙi biyan haraji, suka gudu zuwa duwatsun Ningi. Daga can suka haɗa kai da mutanen dutse, suka zama ƙaya a ƙafar Kano, ana ta yaƙi shekara da shekaru. Saboda haka duk malamin da ya tara jama'a a kan wata koyarwa dabam, fada ba ta kallonsa a matsayin mai karatu kawai. Tana ganin wani Hamza ne yake tasowa.

Abin da ya faru a cikin zuciyarsa

Bisa ga labarin da almajiransa suka riƙe, farkawar Malam Ibrahim ta fara ne a kan karatunsa na kullum. Yana nazarin Alkur'ani, sai hankalinsa ya tsaya a kan wuraren da aka ambaci Isa ɗan Maryamu, musamman a surorin Ali Imrana da Nisa'i da Maryam. A can aka ba da labarin haihuwarsa daga budurwa. A can aka kira shi Almasihu, aka danganta shi da Kalmar Allah da kuma ruhu daga wurinsa. A can aka ce ya warkar da makaho da kuturu, ya ta da matattu da izinin Allah, Allah kuma ya ɗauke shi zuwa wurinsa.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da tasu fassarar waɗannan ayoyi, malamansu sun yi bayani a kai tun ƙarnuka da yawa, kuma ba su fahimce su yadda Malam Ibrahim ya fahimta ba. Gaskiya ce mu faɗi haka. Abin da muke so mu lura da shi a nan shi ne halin zuciyar mutumin. Waɗannan ayoyi ba baƙi ba ne a wurinsa. Ya haddace su tun yana yaro, ya rubuta su a allo, ya biya wa wasu su sau da yawa. Abin da ya sake shi ne, wata rana ya daina wucewa ta kansu. Ya tsaya. Ya bar tambaya ta shiga cikinsa: wane ne wannan da aka ba shi irin waɗannan sunaye, me kuma zan yi da shi?

A nan farkawa take farawa, 'yan'uwa. Mai barci idonsa yana nan, kunnensa yana nan, amma ba ya lura da kome. Haka mutum zai iya yin shekara talatin yana jin sunan Yesu kowace Lahadi, yana rera waƙoƙi, yana ba da baiko, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko ya san mai sunan ba. A cikin Luka sura 15, ɗan nan da ya ɓatar da gādonsa bai ji wani sabon labari ba sa'ad da yake kiwon aladu. Ya riga ya san gidan mahaifinsa, ya san akwai abinci a can. Abin da ya faru kawai shi ne hankalinsa ya komo, ya ga kansa yadda yake.

Sai dai mu kula da abin da Malam Ibrahim ya tarar sa'ad da ya duba cikin kansa. A yau wayoyinmu cike suke da masu koyar da cewa mutum ya rufe ido ya nutsa cikin zuciyarsa, zai tarar shi ne hasken kansa, ba ya bukatar kowa. Malam Ibrahim mutum ne mai zurfin tunani, amma bai fito da wannan sakamako ba. Ya duba ciki, ya tarar da ƙishirwa. Ilimin da yake da shi da girman da ake ba shi ba su kashe ta ba. Ƙishirwa kuwa ba ruwa ba ce, amfaninta shi ne ta tashe ka ka nemi rijiya. Sanin kansa da ya yi ya juya fuskarsa zuwa ga wani, wato Isa. Haka ya faru da Agustin, babban malamin ikilisiya na Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekara ta 430. Shi ma ya koyar da cewa mutum ya koma cikin zuciyarsa, amma don ya sadu da Allah wanda ya fi zuciyar girma.

Almajirai da fada

Abin da ya cika zuciya ba ya ɓoyuwa, labarin zuciya a tambayi fuska. Malam Ibrahim ya fara koya wa waɗanda suke karatu a wurinsa cewa Isa yana da matsayi na musamman a gaban Allah, shi ne wanda ya kamata a sa zuciya gare shi, a kuma jira komowarsa. Jama'a suka taru a bayansa. Aka riƙa kiransu Isawa, wato mutanen Isa. An kuma san su da sunan Bani Isra'ila.

Kada mu ɗora musu abin da ba su da shi. Ba a yi musu baftisma ba. Ba su da jibin Ubangiji. Koyarwar gicciye da tashi daga matattu, wadda ita ce zuciyar bangaskiyarmu, ba ta bayyana gare su sosai yadda take a Sabon Alkawari ba. Cikin sutura da salla da yawancin al'amuran zamansu, kamar sauran mutanen garinsu suke, shi ya sa masana tarihi da yawa suke lissafta su a matsayin wata ƙungiya da ta ɓullo daga cikin Musulunci. Sun yi kama da Afolos na Ayyukan Manzanni sura 18, mutum mai himma wanda ya san wani sashe na hanyar Ubangiji, yana koyar da shi da aminci, har ranar da Akila da matarsa suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa. Bambancin shi ne, Malam Ibrahim bai rayu ya ga ranar da za a ja shi gefe ba.

Magana ta kai fada. Aka kira shi gaban Sarki Abdullahi, aka nemi ya janye koyarwarsa, ya tabbatar a bainar jama'a cewa yana kan abin da sauran malamai suke kai. Hanyar tsira a buɗe take. Kalmomi kaɗan ne, ya san su sarai, bakinsa ya saba da su. Da ya faɗa, da ya koma zaurensa da rawaninsa da almajiransa, ya ci gaba da riƙe abin da ya gaskata a ɓoye. Mutane da yawa masu wayo haka za su ba shi shawara. Ya ƙi. Mutumin da ya riga ya ga kansa a gaban Allah, yana da wuya ya yarda bakinsa ya faɗi abu ɗaya zuciyarsa tana faɗin wani.

Aka yanke masa hukuncin kisa. Aka kai shi kasuwar birnin, aka tsire shi a gaban jama'a, domin ya zama gargaɗi ga duk mai niyyar bin sawunsa. Labarin da zuriyar Isawa suka riƙe ya nuna cewa kafin mutuwarsa ya umarci almajiransa su bar Kano, ya kuma ƙarfafa su da cewa Allah ba zai bar su cikin rabin sani ba, lokaci yana zuwa da za a kawo musu cikakken labarin Isa. Suka watse. Waɗansu suka nufi ƙasar Ningi inda hannun Kano ba ya kaiwa, waɗansu suka bazu a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Bauchi.

Shekara arba'in da shida na jira

Daga 1867 zuwa 1913 shekara 46 ke nan. Waɗanda suka ga mutuwar malaminsu da idonsu suka tsufa, da yawa suka mutu. 'Ya'yansu suka tashi a ƙauye, suna noma, suna karatu, suna riƙe da abu biyu da aka bar musu: sunan Isa, da alkawarin cewa sauran labarin yana tafe. Ba su da wanda zai ziyarce su ya ƙarfafa su. Duk da haka maganar ba ta mutu ba, uba yana faɗa wa ɗa.

Abin da ba su sani ba shi ne, Allah ya riga ya fara shirya amsa tun malaminsu yana da rai. A 1855 Barth ya koma Turai tare da wani saurayi mai jin Hausa, sunansa Dorugu, wanda aka kama shi bawa tun yana yaro a ƙasar Damagaram, daga baya aka 'yanta shi. A Ingila Dorugu ya zauna da wani ɗan mishan, James Frederick Schön, yana taimakonsa da harshen Hausa. Kafin 1860 an riga an buga sassan Linjila da Hausa a can. Wato sa'ad da malami yake zaune a Kano yana marmarin ƙarin sani game da Isa, wani yaron da aka taɓa sayarwa a kasuwa yana wata ƙasa mai nisa yana taimakawa a sa labarin Isa cikin harshen malamin. Babu wanda ya san da ɗan'uwansa a cikinsu. Ubangiji ne ya san su duka biyu.

Amma hanyar ta yi tsawo, ta kuma ci rayuka. A 1864 aka keɓe Samuel Ajayi Crowther ya zama bishop, aikinsa kuwa ya tsaya a bakin Kwara, wajen Lokoja da Onitsha. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da nufin shiga ƙasar Hausa. A shekara ta gaba Gowans ya mutu a Girku, a ƙasar Zazzau, Kent kuma ya mutu a Bida. Daga wannan ƙoƙari ne mishan ɗin SIM ya samo asali. A 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya ja wata tawaga har cikin birnin Kano, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka komo Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu.

A cikin wannan tawaga akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda kakanninmu suka sani da Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wurin Hausawa mazauna can da masu wucewa zuwa aikin hajji. Bai karaya da abin da ya faru a Kano ba. A 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, ya duƙufa a kan fassarar Littafi Mai Tsarki. Shekaru suka wuce, waɗanda suka ba da gaskiya ba su da yawa.

Zariya, Gimi da Wusasa

A 1913 waɗansu daga cikin zuriyar Isawa suka ji labarin wani Bature a birnin Zariya mai koyar da labarin Isa daga littafi. Suka zo suka same shi. Mai nema yana tare da samu. Miller ya yi shekaru yana neman masu sauraro, ga shi waɗanda aka haifa cikin jira sun zo ƙofarsa da ƙafarsu. Suka saurari Linjila, suka auna ta da abin da iyayensu suka bar musu, waɗansunsu suka gaskata cewa wannan ne abin da Malam Ibrahim ya ce a jira. Suka koma suka faɗa wa 'yan'uwansu.

Ba dukan Isawa ne suka karɓa ba. Waɗansu suka ci gaba da zama a kan abin da suka gāda, waɗansu suka koma cikin sauran jama'ar Musulmi. Amma waɗanda suka karɓi bishara suka bar gonakinsu da garuruwansu, suka taru a wuri ɗaya domin su koyi Maganar Allah tare. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙasar Makarfi ta yanzu. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya, W. A. Thompson, ya zauna tare da su yana koyar da su. Aka gina wurin sujada da makaranta, aka yi wa mutane baftisma.

Da labarin tatsuniya ne, da a nan zai ƙare da murna. Amma wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru cutar barci ta shiga Gimi, ta kashe mutane da yawa, manya da yara. Mutanen da suka jira shekara 46, suka sami abin da suke jira, sai ga su suna haƙa kaburbura. Dole aka bar ƙauyen, sauran da suka tsira suka komo Zariya. Ba mu da wata amsa mai sauƙi a kan wannan, kuma bai kamata mai wa'azi ya yi kamar yana da ita ba. Abin da muka gani shi ne, waɗanda suka ragu ba su saki bangaskiyarsu ba.

A 1929 aka ta da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, kusa da dutsen Kufena. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na magina Hausawa, tana nan har yau, da makaranta, da asibitin St. Luke. Zuriyar Isawa suna cikin tushen wannan jama'a. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa tare da Hausawa masu taimakonsa da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi. Shi kansa ya rasu a 1952 a ƙasar Jos.

Daga cikin wannan zuriya aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya yi karatun farko a Wusasa, ya zama likitan yara. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje, ya kuma ƙare rayuwarsa yana hidimar bishara da jinyar marasa lafiya a Samaru, har ya rasu a 2005. A zamanin shugabancinsa ne jami'ar ta fara horar da likitoci, tsohon asibitin koyarwa da ke nan Tudun Wada kuma yana cikin wuraren da suka koyi aiki. Musulmi da Kirista ba iyaka sun sami lafiya a hannun waɗannan likitoci. Duk wanda ya bi ta gaban asibitin nan, ya tuna cewa akwai zare da ya haɗa shi da wani zaure a Kano. Ubangijinmu ya koyar a Yohanna sura 12 cewa ƙwayar hatsi sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya.

Abin da za mu ɗauka

Na ɗaya, Ruhu Mai Tsarki yana riga mai wa'azi isa. A Ayyukan Manzanni sura 10, Allah ya riga ya yi magana da Karniliyus kafin Bitrus ya taka ƙofar gidansa. A sura 8, baban nan na Habasha yana cikin karatun annabi Ishaya da tambaya a zuciyarsa kafin Filibus ya iso. Wannan ya kamata ya rage mana girman kai. Ba mu muke ta da matattun zukata ba. Ya kamata kuma ya sa mu girmama maƙwabcinmu, gama ba mu san zancen da Allah yake yi da shi da tsakar dare ba.

Na biyu, farkawa ta gaskiya tana kai mutum ga Maganar Allah da kuma jama'ar Allah. Annabi Irmiya ya gargaɗe mu a sura 17 cewa zuciya mayaudariya ce, don haka ba kowace murya da muka ji a ciki ce ta Ubangiji ba. Isawa ba su ce abin da suka ji a ransu ya ishe su ba. Sun san saninsu bai cika ba, suka jira Littafin, da suka ji labarinsa kuma suka tashi suka je. Idan wani ya ce ya sami haske a cikinsa, hasken kuma ya sa ya daina karanta Littafi Mai Tsarki, ya raina ikilisiya, ba ya karɓar gyara daga kowa, to, ya sake dubawa.

Na uku, farkawa tana da tsada. Yawancinmu ba za a kai mu kasuwa a kashe ba. Namu gwajin yakan zo a ofis sa'ad da aka miƙo takardar da muka san ƙarya ce a ce mu sa hannu, ko a shago wajen mudu, ko a gida sa'ad da ya kamata mu nemi gafarar matarmu ko mijinmu. A kowane ɗaya, tambayar da aka yi wa Malam Ibrahim ce ake yi mana: bakinka da zuciyarka za su faɗi abu ɗaya?

Na huɗu, kada wannan labari ya zama makamin gaba. Mu a Zariya mun san abin da rikicin addini yake jawowa, mun binne mutane ta kowane gefe. Kashe mutum saboda abin da ya gaskata zunubi ne da masu mulki na addinai dabam dabam suka aikata. Masu kiran kansu Kirista ne suka ƙone Jan Hus a 1415, su ne kuma suka kashe William Tyndale a 1536, mutumin da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci. Istifanas ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara. Wanda ya karanta tarihin Malam Ibrahim ya tashi da ƙiyayya, bai fahimce shi ba tukuna.

A ƙarshe, mu dubi kanmu. Abin da waɗancan mutane suka jira shekara 46, yana gidajenmu. Waɗansunmu muna da shi kala biyu ko uku, har da na cikin waya. Sau nawa muka buɗe shi a makon nan, ba don shirin wa'azi ko gardama ba, sai don mu ji abin da zai faɗa mana? Muna ba da shawara kowannenmu ya keɓe ɗan lokaci kowace rana, ko da minti goma sha biyar ne kafin gari ya waye. A kashe waya. A karanta ɗan sashe daga Linjila a hankali, ko da wanda aka haddace ne tun makarantar Lahadi. A tsaya a kansa, a tambayi kai: wane ne wannan Yesu a gare ni yau, kuma mene ne a rayuwata da nake ɓoye masa? Abin da ya fito, a kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a, in ya yi nauyi a nemi fasto ko wani dattijon ikilisiya a yi magana.

Ubangiji wanda ya ta da Malam Ibrahim tun gari bai waye ba, ya tashe mu mu ma da muke cikin hasken rana, ya ba mu ƙishirwar Maganarsa, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.